Tsohon Panyu da Gogen Babana

Shekarun baya, lokacin da zamana a Guangzhou ya fi zamana a Kano yawa, ni da wani abokina mutumin Maraɗi muka kama gida tare a Panyu, hawa na bakwai. Kullum da safe mu shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu sauka wajen tashar jirgin ƙasa, mu taka da ƙafa zuwa kasuwar Baima da shagunan titin Guangyuan. Ni ina haɗa wa 'yan Kwari kayan sawa, shi yana haɗa wa mutanensa na Maraɗi da Yamai. Sinancina bai wuce na ciniki ba: nihao na gaisuwa, laoban wato mai shago, sheshe na godiya, sai kuma meyo, wato babu. Da waɗannan huɗun da kalkuleta na yi shekara da shekaru ina cin abinci.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani tsoho ɗan ƙasar, siriri, kansa fari fat, shi kaɗai yake zaune. Kowace safiya za ka ji wani sauti mai kauri yana fitowa daga ɗakinsa, kamar sa yana nishi a garke. Abokina yakan ce, "To, saniyar maƙwabci ta tashi, mu ma mu tashi." Ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Gaisuwa ce kawai ta haɗa mu da tsohon, ita ma da ka.

Wata Asabar da rana na dawo na tarar ana gyaran lifta. Ga tsohon nan tsaye a gindin bene da wani ƙaton baƙin akwati, tsawonsa ya kusa kai shi, yana kallon matakala yana kallon akwatin. Ni kuma ɗan kasuwa, da na ga kaya sai na ga dila. Ban yi wata-wata ba na sunkuya na ciccibi akwatin zan aza a ka. Wallahi ihun da tsohon nan ya yi, sai da mai gadi ya leƙo. Ya kama hannuna yana ta magana da sauri, ya nuna mini igiyoyin da ake goya shi da su. Haka na goya akwatin kamar jariri, yana biye da ni, hannunsa ɗaya a ƙasan akwatin, har hawa na bakwai. Da muka isa, ni nake haki, amma akwatin ya fara dubawa.

Ya ja ni ciki ya dafa shayi. Da ya buɗe akwatin sai na ga saniyar tamu: wani babban abin kiɗa na katako, ja mai sheƙi, da tsirkiya huɗu, ana zaunawa a rungume shi tsakanin gwiwoyi a goga. Ya ce sunansa celo. Muna cikin maganar kurame, ni da hannu shi da hannu, abokina ya leƙo nemana. Garin shigowa ya taka silifas ɗin tsohon, ya ce masa yi haƙuri da Faransanci. Sai tsohon ya zabura ya amsa masa da Faransanci tar. Ashe ya taɓa zama a Faransa yana koyon kiɗan. Daga ranar abokina ya zama tafinta, ni kuma na zama ɗan rakiya a gidan da ni na fara shiga.

Muka saba. Duk Lahadi da hantsi mukan je shan shayi, muna ce masa laoshi, wato malam. Ya shekara fiye da talatin yana kiɗa a babbar ƙungiyar makaɗa, ya koyar da ɗalibai, yanzu ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wata ƙasa yana aikin kwamfuta.

A bangon ɗakin akwai hotuna uku a jere, duka na mutane rungume da celo. Wata rana ya tsaya a gabansu ya yi mana bayani. Na ƙasa malaminsa ne. Na tsakiya, wani Bature mai sanƙo, malamin malaminsa. Na sama kuma, in ji shi, yana cikin manyan da duniyar celo take ji da su har gobe. Ya faɗi sunansa, na gyaɗa kai kamar tare muka yi firamare.

Abokina ya ce, "Kai Bakano, ka ji hwa. Silsila ce da su, kamar ta malaman karatu."

Tsohon ya ci gaba, abokina yana fassarawa. Ya ce manyan nan sun mutu, faya-fayansu suna nan kowa yana ji, amma faifai ba ya kama maka gwiwar hannu ya ɗaga. Ya ce akwai yadda ake jan numfashi kafin a ja dogon sauti, malaminsa ne ya nuna masa, shi ma nuna masa aka yi, ba a rubuce yake ba. Sannan ya juyo gare ni ya tambaya, "A ƙasarku akwai abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa haka?"

Da abokina ya fassara, kafin ya ƙara buɗe baki na riga shi. Na ce, "Meyo."

Abokina ya kalle ni ta gefen ido, ya kurɓi shayinsa.

To jama'a, ga abin da ban taɓa faɗa a nan ba. Mahaifina mai goge ne. Da goge ya ciyar da mu, da shi ya saya mini littattafan makaranta. Kuma kun san yadda ake kallon mai goge a wajenmu. Tun ina yaro nake jin ana ce mini ɗan mai goge, kuma ba da yabo ba. Yarinyar da na fara nema, iyayenta sun yi bincike, suka aiko cewa an yi mata miji, alhali ba a yi ba. Abin ya zauna mini a rai. Da Allah ya buɗa mini, na biya wa Baba kujerar Makka. Da ya dawo, ban iya tunkararsa da kaina ba, sai na tura kawuna ya ce masa yanzu ya zama Alhaji, ɗansa kuma ya zama wani, ya kamata a rataye gogen nan haka. Kawu ya dawo ya ce mini, "Ya ce to." Shi ke nan, to. A lokacin da nake ba ku labarinsa, shekara tara ke nan ba a ji goge a gidanmu ba, ni kuma ina ganin na yi wa mahaifina gata.

Bayan 'yan makonni laoshi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kati uku a hannu. Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta yi suna a ƙasashen waje, za ta zo ta yi wasa da babbar ƙungiyar makaɗa ranar Lahadi da rana, ta aiko masa da kati na iyali. Ya ce iyalin da yake da su a kusa mu ne. Ni dai har ga Allah ban so zuwa ba, na fara kame-kamen ina da kwantena da za a loda. Abokina ya ce, "Wace kwantena ran Lahadi? Tsoho ya kira ka ɗa, ka ce ba ka tahiya?" Ya fassara masa cewa mun amsa da farin ciki.

Ranar muka yi azahar da wuri, muka ci ado. Na sa babbar riga fara da hula zanna, abokina ya naɗa rawani. Laoshi ya sa baƙar kwat da ta yi masa yawa. A ƙofar zauren wasan, wanda yake bakin kogi, mutane suka yi ta ɗaukar mu hoto, wata mata har ta tambayi laoshi ko jakadu ne ya zo da su. Bai musa mata ba.

Zauren ya cika, amma tsit kamar ana jiran huɗuba. Makaɗa suka fito sun kai saba'in, kowa da baƙaƙen kaya. Suka fara goge-goge da bushe-bushe, kowa da inda ya nufa. Na matsa kusa da abokina na ce, "Wannan muka bar gida muka zo ji?" Ashe gyaran murya suke yi, ba a fara ba. Sai wani mutum ya fito da ɗan siririn sanda, bayansa kuma matar, da doguwar riga shuɗiya, riƙe da celo. Ta zauna, mai sandan ya ɗaga hannu, aka fara.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na gane abin da ake yi ba. Farko dai na yi ta ƙirga fitilu. Da aka kai wani wuri kiɗan ya tsaya, na ɗauka an gama, na zage na tafa. Ni kaɗai a duk zauren. Tafi uku na yi kafin laoshi ya dafa mini gwiwa. Wata tsohuwa a gabanmu ta waigo ta yi mini kallon da har yau ina jin sa a ƙeya. Abokina kuwa ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Daga nan aka shiga wani sashe mai sanyi. Sauran makaɗan suka yi ƙasa ƙasa har suka kusa ɓacewa, aka bar matar ita kaɗai. Sautin da nake ce wa nishin sa, a hannunta sai ya zama kamar dattijo yana ba da labarin abin da ya wuce shi, ba kuka yake ba, ba kuma dariya ba. Na juya in ga yadda laoshi yake ji. Idonsa a rufe. Hannunsa na hagu yana kan gwiwarsa, yatsun suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, suna danna wandonsa, suna ɗan karkarwa a wuri ɗaya, suna zamewa. Yana bin ta ne sauti bayan sauti, ba celo a hannunsa.

Na san wannan motsin. Haka yatsun Baba suke yi. In yana zaune a zaure bayan la'asar, shiru, sai ka ga yatsunsa na hagu suna ta motsi a kan gwiwarsa. Ni da wayona na ce ciwon tsufa ne, rawar hannu. Har asibiti na kai shi, likita ya duba ya ce bai ga komai ba, na ce likitan ne bai iya ba, na sayo magani daga Guangzhou na aika. Baba ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Shekara tara mutumin nan yana kaɗa gogensa a gwiwa a gabana, ni ina ba shi ƙwaya.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na sa hannun babbar riga na share, ya sake zubowa. Abokina ya ga abin, ya daina dariya, ya kau da kai.

Da aka gama na gaskiya, zaure ya tashi tsaye ana tafi, wannan karon sai da na ga kowa ya fara sannan na tafa. Matar ta karɓi furanni, ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta yi 'yar magana. Daga baya laoshi ya gaya mana abin da ta ce: duk abin da aka ji a hannunta yau ba nata ba ne, ajiya ce, kuma wanda ya ba ta ajiyar yana zaune a layi na biyar. Ta sauko daga dandamali da kanta, ta zo har inda muke, ta rusuna, ta miƙa masa furannin da hannu biyu. Tsohon ya miƙe, ni na riƙe shi. Abin da ya fara ce mata, in ji shi, wai a sashe na biyu ta ɗaga kafaɗa da yawa. Ta yi dariya tana kuka.

A metiro muna komawa, laoshi a zaune da furanni a cinya, mu a tsaye a kansa, na ce wa abokina, "Gaya masa na yi masa ƙarya. Muna da shi. Sunansa goge. Kuma babana ne yake kaɗawa."

Na jira in ga mamaki a fuskar abokina. Sai ya ce, "Alhaji, mi ne sabo a nan? Ai na sani tun kahin mu kama gida. Bikin yayata a Maraɗi, daga Kano aka ɗauko tsohonka. Kwana biyu ana rawa. Kai ɗai ke ɓoyon abin da kowa ya sani."

Na rasa inda zan sa kaina. Ya fassara wa laoshi duka, har da maganar ratayewa, bai rage mini komai ba. Tsohon bai yi mini faɗa ba. Tambayoyi ya shiga yi kamar yaro. Tsirkiya nawa? Na ce ɗaya. Da me ake yi? Na ce ƙwarya, a rufe da fatar guza, tsirkiyar kuma izgar doki. Ya tafa hannu ya ce su ma abin gogawarsu izgar doki ce. Sannan ya ce in kunna masa kiɗan Baba a waya ya ji. Wayata cike take da hotunan riguna da lambobin kwantena. Ko daƙiƙa ɗaya ta kiɗan mahaifina babu.

Ana saura kwana biyu in tafi gida, ya kawo mini wani ɗan ƙaramin gwangwani. A ciki akwai dunƙulen ƙaro, ja kamar zuma, irin wanda suke shafa wa izga don ta kama tsirkiya. Ya ce in kai wa mahaifina, in ce daga abokin sana'arsa.

Na isa Kano na kwana uku da gwangwanin a aljihu. Rana ta huɗu bayan la'asar na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya shinshina, ya murza da babban yatsa.

Ya ce, "Wannan ƙaro ne mai kyau. Na wa ne?"

Na ce, "Naka ne, Baba. Wani tsoho ne maƙwabcina a can ya ce in kawo maka. Shi ma makaɗi ne."

Ya rufe gwangwanin a hankali. "To me zan shafa wa? Ai an ce a rataye."

Na ce, "Ni na ce, Baba. Kuma ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Ya kalli titi. Sannan ya ce, "Ba ka yi don mugunta ba, kunya ka ji. Ni ma na ji kunyar da ka ji, shi ya sa ban ja ba." Ya ɗaga murya ya kira mahaifiyata. "Hajiya, wai ina kayan nan?"

Daga cikin gida ta amsa, "Wane kaya? Wanda kake sa ni in sauko maka da shi duk Juma'a ka goge ƙura?"

Gogen yana nan naɗe a tsohon zaninta a saman kabad, amma fatar ta tsage, izgar ta zube. Sai da aka yi kusan wata kafin a samo fatar guza daga ƙauye. Baba bai yarda kowa ya taɓa ba, shi ya jiƙa, shi ya ɗaura, shi ya zaɓi izga sili-sili. Na ɗage tafiyata sau biyu, abokina yana ta kirana yana cewa laoban ɗina na Baima ya ɗauka na mutu.

Ranar da ya gama, da hantsi ne, can kuma yamma ta yi. Na kira abokina a bidiyo, ya tsallaka ɗakin laoshi ya jingina wayar a butar shayi. Baba ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya shafa ƙaron, ya ja izga. Jan farko ya yi ƙara kamar ƙofa, ya yi tsaki ya ce hannu ya yi tsatsa. Na biyu ya miƙe. Mahaifiyata tana tankaɗe ta ajiye rariya. Yarana, da ba su taɓa sanin kakansu ya iya wani abu ban da ba su alawa ba, suka zo suka tsaya baki buɗe.

Da ya tsaya, laoshi ya ɗauko celo ya maimaita abin da ya ji, da kauri, a hankali. Baba ya karkata kunne ya ce, "A'a, ya tsallake ɗaya. Ka ce masa ya saurara." Ya sake ja masa. Haka suka yi ta yi, magana tana bi ta Hausa ta shiga Faransanci ta fita, har suka daina jiran tafinta.

Can laoshi ya tambaya, "Wa ya koya maka?"

Baba ya gyara zama. Ya faɗi sunan wanda ya koya masa, da garinsu, da wanda ya koya wa wancan, da na gaba da shi, har mutum huɗu, kowanne da Allah ya jiƙansa. Ya ce na farkon silsilar makaho ne, da ƙafa ya zo daga arewa. Ina zaune a gefe riƙe da waya, ina da shekara arba'in da 'yan kai, ban taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. A daren jiya ma sai da na sake duba takardar da na rubuta su.

Na san akwai masu cewa kiɗa kaza ne, kiɗa kaza ne. Ban zo yin fatawa ba, wannan na malamai ne, kuma Baba da kansa ya ce shi da filin biki har abada, ya tsufa. A gida kawai yake kaɗawa. Abin da na sani shi ne, ba tsoron Allah ne ya sa na tura kawu ba, tsoron bakin mutane ne, na sa masa rigar addini. Sai da na je wata duniya, na zauna a cikin mutanen da ba na jin yarensu, na ga yadda suke rusuna wa wanda ya koya musu, sannan na ga abin da yake gabana a zauren gidanmu.

Laoshi ya koma wajen ɗansa da zama, mukan gaisa lokaci lokaci ta hannun abokina. Ni ma yanzu zamana a Kano ya fi yawa. Na taɓa ce wa Baba har yanzu abin yana damuna, shekara tara na hana shi. Ya yi dariya ya ce, "Ni ba ka hana ni kiɗa ba, Alhaji. Kanka ka hana ji."

Yanzu yatsun sun fara nauyi da gaske, ba ya wuce minti goma yake gajiya. In na ji ya fara, ko da baƙi nake, sai in ce su yi mini uzuri, in shiga in nemi gefen tabarma. In ya gama ya miƙo mini, ni nake naɗewa in mayar saman kabad.